Amsa Ɗaya a Kalkuleta, Biyu a Da'ira: Lacca a kan Nemo Kusurwa

 

Mai girma shugaban taro, malamaina, abokan aikina masu koyar da lissafi, iyayenmu da suka bar harkokinsu suka zo, da ku ɗalibai maza da mata, barkanku da zuwa. An ce in yi magana a kan wani ɓangare na tirigonometiri, wato lissafin kusurwa, ɓangaren da ake ba mutum sin ko cos ko tan na wata kusurwa, a ce ya nemo ita kusurwar. Zan fara da tambayar da duk ɗan babbar sakandare ya taɓa gani a allo.

2 sin x = 1. Nemo x tsakanin 0° da 360°.

Yaro zai raba da 2, ya sami sin x = 0.5, ya ɗauki kalkuleta ya danna, ta ba shi 30. Sai ya rubuta 30°, ya ja layi biyu a ƙarƙashi, ya wuce hankalinsa kwance. Mai duba takardar WAEC ko NECO kuwa rabin maki zai ba shi, domin 150° ma amsa ce, kuma ba ta fi 30° rauni da komai ba. Maganata ta yau kaf a kan wannan kusurwa ta biyu take: daga ina take fitowa, me ya sa kalkuleta ke yin shiru a kanta, kuma yaushe ne ita ce ma amsar da ake bukata.

Ku kifar da keke, ƙafafunsa su dubi sama, ku sa ido a kan bawul ɗin taya ɗaya. Mu ɗauka daga tsakiyar tayar zuwa bakinta awo ɗaya ne. Ku juya tayar har bawul ya tsaya a dama, daidai da tsakiya, bai yi sama ba bai yi ƙasa ba. Nan ne 0°. Yanzu ku riƙa juya ta a hankali, saɓanin yadda hannun agogo ke tafiya. Tsawon da bawul ya ɗaga sama da tsakiya shi ne sin, nisan da yake da shi wajen dama shi ne cos. Da kun kai 30°, bawul ya ɗaga rabin awo. Ya ci gaba da hawa har ya kai ƙololuwa a 90°, sannan ya fara gangarowa ta hagu. Ai dole a gangarowar nan ya sake bi ta rabin awo, kuma zai bi ta wurin a 150°, wato saura 30° ya kai 180°. Kowane tsawo da ke ƙasa da ƙololuwa sau biyu bawul ke taka shi, sau ɗaya yana hawa, sau ɗaya yana sauka. In aka bar tayar ta ci gaba da juyawa, zai sake taka shi a 390° da 510°, haka nan har abin da hali ya yi.

Wanda ya riƙe wannan hoton ba ya bukatar haddar komai. Ga sin, abokiyar x ita ce 180° − x. Ga cos, bawul na iya kasancewa a nisa ɗaya daga dama yana sama ko yana ƙasa, saboda haka abokiyar x ita ce 360° − x. Shi kuwa tan, da yake sin ne aka raba da cos, yana maimaita kansa duk rabin zagaye, don haka abokiyar x ita ce x + 180°.

Kalkuleta ba ta yi wa kowa ƙarya ba. Maɓalli ɗaya lamba ɗaya zai iya fitarwa, shi ya sa masana lissafi suka yi ittifaƙi a kan wadda za a riƙa bayarwa: in sin ne, tsakanin −90° da 90°, in cos ne, tsakanin 0° da 180°, in tan ne, tsakanin −90° da 90°. Rabin da'ira aka damƙa mata, ɗaya rabin an bar wa mai riƙe da ita. A nan nake da magana da mu malamai. Muna yawan koyar da wannan darasi ta hanyar raba da'ira gida huɗu, mu sa yara su haddace gidan da sin ke da alamar tarawa da gidan da yake da alamar ragewa. Ba laifi ba ne, amma hadda takan gudu ranar jarrabawa. Ni a ganina kada a karɓi amsar yaro a aji sai ya zana da'ira, ko da karkatacciya ce, ya ɗiga mata wuraren da amsoshinsa suka faɗa. Zanen ba ya cin rabin minti.

Kuma kafin komai, ɗalibai, ku duba saman gilashin kalkuletarku ko digiri take ƙirgawa ko rediyan. In tana kan rediyan kuka danna sin 30, za ta ba ku −0.988 maimakon 0.5, duk aikin da kuka ɗora a kai ya tafi.

Yanzu mu ƙara wa tambayar nauyi kaɗan. Ɗan wasa ya buga ƙwallo daga ƙasa da gudun mita 20 a sakan. In muka ajiye juriyar iska gefe, muka ɗauki ƙarfin jan ƙasa a matsayin 10, nisan da ƙwallon za ta ci kafin ta faɗi shi ne 40 sin 2x, inda x take kusurwar da ta tashi da ita. Yana son ta sauka a ƙafar abokinsa da ke nisan mita 20. Ke nan sin 2x = 0.5, saboda haka 2x ko dai 30° ne ko 150°, ita kuma x ko 15° ko 75°. Duk wanda ya taɓa buga ƙwallo ya san waɗannan bugu biyu da ƙafarsa. Na 15° yana tafiya ƙasa-ƙasa, bai wuce mita ɗaya da 'yan kai a sama ba, cikin sakan ɗaya ya isa. Na 75° yana lulawa sama kusan mita 19, ya ɗauki kusan sakan huɗu, sannan ya faɗo a wuri ɗaya da na farko. In akwai ɗan baya a tsakani, na biyun ake so. In ana gudun kada a tare mai karɓa, na farkon.

Ku lura da inda ake zamewa. Wanda ya sami 2x = 30° ya yi sauri ya raba da 2, sannan ya nemi abokiyar 15°, zai rubuta 165°, kuma ba amsa ba ce. Sai an gama tattara duk amsoshin 2x tukuna ake rabawa. In takardar jarrabawa ta ce x tana tsakanin 0° da 360°, to 2x tana da filin zagaye biyu, har 720°, ke nan 30°, 150°, 390°, 510°, wanda ya ba da 15°, 75°, 195° da 255°. A takarda huɗun duk daidai ne. A filin ƙwallo biyun ƙarshe ba su da amfani, tunda cikin ƙasa suke nunawa.

Akwai wasu ramuka biyu da zan ambata a gurguje. Na farko rabawa da abin da zai iya zama sifiri. An ba ka 2 sin x cos x = sin x. Hannu na ƙaiƙayin ya soke sin x a ɓangarorin biyu, a bar cos x = 0.5, a sami 60° da 300°. Amma da ka soke shi ka zubar da 0° da 180° da 360°, waɗanda a kansu sin x sifiri ne, kuma ɓangarorin biyu sun daidaita. Abin yi shi ne a kwaso komai gefe ɗaya, a fitar da sin x waje: sin x (2 cos x − 1) = 0, sai a bi kowane gida daban. Na biyu shi ne ninka kowane ɓangare da kansa. In ka yi wa sin x + cos x = 1 haka, za ka ƙare da 0°, 90°, 180°, 270° da 360°. Mayar da 180° cikin tambayar asali, za ka ga −1 ta fito, haka ma 270°. Ninkawar ce ta shigo da su, domin −1 da 1 in aka ninka kowanne da kansa abu ɗaya suke bayarwa. Rabawa tana ɓatar da amsa, ninkawa tana jawo wadda ba ta cikin lissafin, kuma maganin duka biyun a mayar da kowace amsa cikin tambayar farko a gwada.

Iyayenmu da ke zaune, na san wasunku na tambayar kansu me ya haɗa su da wannan. To ga abin da ya haɗa ku: lokacin sallar La'asar.

A mazhabar Malikiyya, La'asar tana shiga idan inuwar abu ta kai tsawonsa, bayan an ƙara inuwar da yake da ita lokacin zawali. Malamanmu na da da sawun ƙafa suke auna wannan, suna ɗaukar tsawon mutum kamar sawunsa bakwai. Mu gwada da sanda. A kafa sanda mai tsawon santimita 100 a tsaye cak, a shimfiɗaɗɗen fili a Kano, ranar 21 ga Maris, lokacin da rana take bisa layin ikwaita. Kano tana kusan 12° arewa da wannan layi, saboda haka ko da tsakar rana ranar ba ta zuwa tsakar ka, tana ɗan karkata kudu da 12°. Da safe inuwar sandar doguwa ce, ta miƙe yamma. Tana ta janyewa tana matsowa gindin sandar, har ta tsaya a kan santimita 21 tana duban arewa. Wannan ce inuwar zawali, kuma ita ce 100 sau tan 12°. Daga nan ta fara miƙewa gabas. La'asar za ta shiga idan ta kai santimita 121.

Ga tambaya ta farko ta neman kusurwa: yaya tsayin rana daga ƙasa a wannan lokaci? In muka kira shi a, to tan a = 100 ÷ 121, wanda ya ba da kusan 39.5°. Tambaya ta biyu: ƙarfe nawa rana za ta kasance a wannan tsayi? Masana falaki suna da ƙa'ida da ta haɗa tsayin rana, a, da nisan gari daga ikwaita, L, da karkatar rana a wannan yini, d, da kuma kusurwar da duniya ta juya tun daga zawali, H:

sin a = sin L sin d + cos L cos d cos H

A ranar da muka zaɓa d sifiri ce, sai ƙa'idar ta taƙaita ta zama cos H = sin 39.5° ÷ cos 12°, wato 0.636 ÷ 0.978, kusan 0.650. Kalkuleta ta ce H = 49.4°. Duniya tana juya 15° a awa guda, digiri ɗaya duk minti huɗu, saboda haka 49.4° ya kama awa uku da minti goma sha takwas. Zawali a Kano ranar nan wajen 12:33 yake. Dalili kuwa, agogon Nijeriya an saita shi a kan layin 15° gabas, Kano kuma tana kusan 8.5°, wannan ya jinkirta ta da minti 26, sannan tafiyar rana a wannan watan ta ƙara kusan minti bakwai. Ku tara, za ku sami La'asar wajen 3:51 na yamma. Ku duba kalandar sallah ta bangon masallacinku ko ta wayarku, za ku ga ba ta yi nisa da haka ba.

To ina abokiyar 49.4°? Cos bai bambanta 49.4° da −49.4° ba. Wannan ta biyun awa uku da minti goma sha takwas ce kafin zawali, wajen 9:15 na safe, da hantsi. A wannan lokacin ma inuwar sandar santimita 121 ce cif, sai dai yamma take kwance. Lissafi ya kawo amsa biyu, dukkansu gaskiya ne, rana tana kaiwa wannan tsayi sau biyu a yini. Abin da ya zaɓi ɗaya ya bar ɗaya shi ne sharaɗin fiƙihu na cewa bayan zawali ake nufi. Haka fitowar rana da faɗuwarta suke, amsoshi biyu ne na tambaya ɗaya. Duk manhajar lokutan sallah da ke cikin wayoyinku wannan aikin take yi kullum, tana ɗaukar mai alamar ragewa don safiya, mai alamar tarawa don yamma.

Ba yau aka fara ba. Habash al-Hasib a Bagadaza, a ƙarni na 9, ya tsara jadawalin inuwa, wanda shi ne tushen abin da muke kira tan. Al-Battani, wanda ya yi aikinsa a Raƙƙa ya rasu a 929, ya yi amfani da irin wannan lissafi wajen bin tafiyar rana. Al-Biruni ya rubuta littafi sukutum a kan inuwa, har da yadda ake fitar da lokutan sallah da ita. A ƙarni na 14 babban masallacin Umayyawa na Dimashƙa yana da ma'aikata na musamman da aikinsu ke nan, tsayar da lokaci, cikinsu akwai Ibn al-Shatir da ya rasu a 1375, da abokin aikinsa al-Khalili. Waɗannan bayin Allah da jadawali suke aiki: su nemi lambar a cikin jadawalin, su bi layi zuwa gefe su karanta kusurwar. Manyanmu da suka yi makaranta kafin kalkuleta ta yawaita haka suka yi da ɗan littafin jadawali mai lambobi huɗu-huɗu. Wancan littafin a 90° yake tsayawa, don haka mai amfani da shi ya san tun farko cewa sauran da'irar aikinsa ne. Ina ganin wannan sanin ne muka rasa da zuwan na'ura, kuma shi ya kamata mu dawo da shi aji.

Wani lokaci kuma tambayar ba ta da amsa sam, kuma rashin amsar labari ne. In muka sa tsayin rana sifiri a ƙa'idar ɗazu, muna neman faɗuwarta, za mu sami cos H = −tan L tan d. Ranar 21 ga Yuni rana tana karkata arewa da kusan 23.4°. A Kano wannan ya ba da −0.092, H ta zama 95.3°, yini ya kama kusan awa goma sha biyu da minti arba'in da biyu, ban da 'yan mintocin da lanƙwasar haske a sararin sama ke ƙarawa. Yanzu ku sa garin Tromso na ƙasar Norwe, wanda ke kusan 69.6° arewa. Za ku sami kusan −1.16. Babu kusurwar da cos ɗinta ya gaza −1, bawul ba ya fita daga taya. Kalkuleta za ta nuna alamar kuskure, yaro ya ɗauka shi ya yi ɓata. Alhali lissafin cewa yake yi rana ba ta faɗuwa a garin a wannan yini, kuma haka abin yake, kusan wata biyu suke yi daga ƙarshen Mayu zuwa ƙarshen Yuli ba ta faɗi ba. Musulmin da ke can sai da malamai suka ba su fatawar ƙaddara lokaci, wasu da gari mafi kusa da ake samun dare, wasu da lokacin Makka. Ɗan ƙwallonmu ma da zai nemi mita 50 da wancan gudun, sin 2x = 1.25 zai samu, ma'ana ƙafarsa ba za ta kai ba ko ta wace kusurwa, iyakarsa mita 40 a 45°.

Saura tan, kuma misalinsa alƙibla ce. Makka tana kusan 21.4° arewa, kuma tana gabas da Kano da kusan 31.3°. In q ce kusurwar alƙibla, ana ƙirga ta daga arewa ana juyawa gabas, to

tan q = sin 31.3° ÷ (cos 12° tan 21.4° − sin 12° cos 31.3°)

Na sama ya ba da kusan 0.520, na ƙasa kusan 0.206, an raba an sami kusan 2.52. Kalkuleta ta ce 68°. Ke nan alƙiblar Kano ba gabas sak ba ce, kodayake a bakinmu mukan ce mun fuskanci gabas. Ta karkata arewa da gabas ɗin da kusan 22°. Al-Khalili ya yi wannan lissafin da hannu ga dubban wurare, ya jera a jadawali, kowane digiri da amsarsa.

Abokiyar 68° ita ce 248°, kuma wanda ya bi ta ya ba Ka'aba baya. A Kano an yi sa'a wadda kalkuleta ta bayar ita ce daidai, saboda na sama da na ƙasa duk masu alamar tarawa ne. A Landan ba haka ba ne. Can na ƙasan yakan fito da alamar ragewa, kalkuleta ta ba da kusan −61°, wanda ke nuna arewa maso yamma, wajen tekun Atlantika. Sai an ƙara 180° a sami 119°, kudu maso gabas, inda masallatan Landan ke duba. Magini ko injiniyan da aka ba aikin masallaci, in ya tsaya a kan lambar farko da ta fito a gilashi, to ya kafa mihirabi a bangon da bai dace ba. Wannan ya fi asarar rabin maki nesa ba kusa ba, shi ya sa ba na yarda a ce wa yaro darasin nan na jarrabawa ne kawai.

Ga aikin da nake roƙon malaman da ke nan su yi da ɗalibansu. Sau biyu a shekara rana tana tsayawa daidai bisa Ka'aba: 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 12:18 agogon Makka, da 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 12:27. A Nijeriya da Nijar wannan ya kama 10:18 da 10:27 na safe. A wannan mintin duk wanda ya fuskanci rana ya fuskanci alƙibla. Kafin ranar, ku sa kowane aji ya nemo nisan garinku daga ikwaita da yawan digirin da Makka take gabas da shi, su lissafa q da kansu, su rubuta amsoshin biyu. Ranar kuma ku fita da su harabar makaranta da sanda da zare da ma'aunin kusurwa. Ku rataya dutse a zare don ku tabbatar sandar a tsaye take, ku fitar da layin arewa tun kafin ranar ta hanyar inuwar zawali, sannan in lokaci ya yi ku ja layi a kan inuwar. A Kano za ku tarar inuwar ta kwanta a kan 248°, in kuka miƙe layin ta ɗaya gefen sandar kuma ya bi 68°. In Mayu ta zo da hadari, Yuli tana nan.

Shugaban taro, a nan zan dakata don a yi tambayoyi.